Manomin Ƙasar Sin A Bangon Aji Shida

Tungan Magajiya gari ne da ke cikin Ƙaramar Hukumar Rijau, a ƙasar Kontagora, can arewacin Jihar Neja wajen iyakarta da ƙasar Zuru. Abin da ya fitar da sunan garin tun da daɗewa shi ne sha'anin lafiya, domin akwai asibiti a can wanda 'yan mishan suka kafa tun kafin ƙasar nan ta sami mulkin kai, ga kuma makarantar koyon aikin kiwon lafiya wadda ɗalibanta suka bazu cikin ɗakunan shan magani na ƙauyukan jihar. Amma tun kafin a zo da allura da ƙwaya akwai wata makaranta a wannan yanki wadda ba ta da gini balle rajista, watau ta tsofaffin da suka san itatuwan daji, Hausawansu da Dukkawa da Kambari da Dakarkari da Fulani. Wannan makaranta tana rufewa a hankali, duk tsohon da aka kai makwancinsa an rufe aji guda ke nan. Wani ɗan aikin hannu da yara suka yi a wata makarantar firamare ta garin ya isa ya sa mai karatu ya tsaya ya dubi wannan al'amari.

Asalin maganar kuwa daga malamin aji shida ta taso. Shi mutum ne mai son rediyo, yana kuma yawan kama sashen Hausa na gidan rediyon ƙasar Sin, wanda ya fara watsa shirye-shiryensa tun cikin shekarar 1963. Da zangon karatu ya doshi ƙarewa, sai ya raba yaran ajinsa ƙungiya ƙungiya, ya ce kowace ƙungiya ta yi babban zane a kan kwali, irin wanda yara ke kira fosta, game da wani gwarzo daga cikin hikayoyin wata al'umma. Wasu suka sami Bayajida, wasu suka sami Oduduwa na Yarabawa. Ƙungiya ta huɗu, yara biyar ƙarƙashin wata yarinya 'yar shekara 12, ita ƙasar Sin ta faɗo wa. Malam ya tambaye su abin da suka sani game da wannan ƙasa. Ɗaya ya ce wayar hannu, ɗaya ya ce tocila, ɗaya ya ce babur, wani kuma ya ce ya ji Sinawa ne suka gina madatsar ruwa ta Zungeru. Babu wanda ya taɓa kawowa a ransa cewa masu ƙera waɗannan kaya su ma suna da kakanni da ke ba da labarin mutanen da.

Gwarzon da Malam ya zaɓa musu sunansa Shennong, ma'anar sunan kuwa ita ce manomi mai tsarki. A cikin hikayar Sinawa, shi sarki ne da ya yi zamani kusan shekara 5,000 da suka wuce, lokacin da mutane ba su san shuka ba, suna cin duk abin da suka tsinta a daji, cuta kuwa tana ta kashe su. Shi ya sassaƙa musu garma, ya koya musu noman hatsi, ya kafa musu kasuwa da ake ci da tsakar rana. Sa'an nan ya shiga duwatsu da dazuzzuka yana ɗanɗana ganyaye da sauyoyi da bakinsa, domin ya rarrabe wa jama'a abinci da magani da guba. Wani littafi nasu mai suna Huainanzi, wanda aka rubuta fiye da shekara 100 kafin haihuwar Annabi Isa, ya ce akwai ranar da ya gamu da guba iri 70. Masu hikaya sun ƙara da cewa cikinsa garau yake kamar kwalba, duk abin da ya haɗiya yana ganin yadda yake aiki a hanjinsa. Sun ce shi ya gano ganyen shayi, da shi ma yake karya guba. A ƙarshe ya tauna wata ciyawa mai rawayan fure, ta tsinka masa hanji kafin ya kai ga makari, nan ajalinsa ya sauka. Masu zane na ƙasar sukan yi shi da jikin mutum da ƙaho biyu irin na sa, da ganye a bakinsa.

Wannan ƙaho shi ya fara kawo cikas. Da yarinyar ta koma gida ta ba da labari, mahaifinta ya ɓata rai, ya ce shi bai sa 'yarsa boko don a koya mata zanen gumakan mutane ba. Malam bai aika da takarda ba, ya taka da ƙafarsa bayan la'asar ya sami maigidan a ƙofar gida. Bayan sun gaisa, mahaifin ya ce, "Malam, ka san ba na sa baki a aikinku. Amma abu mai ƙaho, wanda aka ce wasu na bauta masa, a kafa shi a bango yara na kallo, wannan bai kwanta mini ba."

Malam ya ce, "Maigida, gaskiyarka, ba kuwa zan ɓoye maka ba, a can ƙasar akwai waɗanda suka gina masa ɗakunan bauta. Mu abin da muke nema a aji shi ne labarin, kamar yadda muke ba su labarin macijin rijiyar Kusugu ba tare da kowa ya je ya durƙusa wa rijiya ba. In ƙahon ne damuwa, a bar ƙahon."

Suka daidaita a kan za a zana shi ta gefe, ya sunkuya kamar manomi a kunya, malfa ta rufe masa kai da fuska, a kuma rubuta a sama da manyan baƙaƙe cewa hikaya ce ta mutanen Sin. Ajin ya haɗa 'ya'yan Musulmi da na Kirista, da aka kai musu wannan shawara babu gidan da ya ƙi.

Daga nan sai neman kayan aiki. Makarantar ba ta da fenti, ba ta da farin kwali, iyaye kuwa ba a kai musu maganar kuɗi a tsakiyar damina. Wani mai kanti ya ba su kwalin sabulu, suka farke shi suka shimfiɗa, suka lulluɓe shi da fararen takardun da suka ciro daga tsakiyar littattafansu. Maimakon gam suka jiƙa ƙaro ya kwana. Baƙi daga gawayi suka samu, suka daka shi suka kwaɓa da ƙaro kamar yadda almajirai ke haɗa tawada. Rawaya daga gangamau, ja daga zoɓo da jar ƙasa, shuɗi kuwa daga bulun wanki da wata uwa ta sammusu. Wani yaro mai karatun allo ya fiƙe musu alƙaluma na kara. Shi ne kuma ya kawo dabarar a yanke kwalin daidai cikin manomin, a manna farar leda, a cusa ɓarɓashin ganye a bayanta, don a nuna cikin nan da ake gani garau. Malam ya kwafo musu sunan Shennong da rubutun Sinanci, alama biyu, yarinyar ta yi ta gwadawa a ƙasa da tsinke har hannunta ya faɗa, sa'an nan ta hau kwali.

Launi ɗaya ya gagare su, shi ne kore, alhali kuwa labarin duka na ganye ne. Sun daka ganyen wake sun tace, sun shafa ya yi kyau da yamma, gari na wayewa ya rikiɗe ya koma ruwan ƙasa. Sun gwada na zogale, haka. Da abin ya ishe su, sai ƙaramar cikinsu ta ce, tun da ganye ake so a nuna, me zai hana a manna ganyen kansa? Malam ya nuna musu yadda ake yi: a shimfiɗa ganye tsakanin tsofaffin jaridu, a danne da buhun hatsi, a riƙa sauya takardar kullum har mako guda, sai ya bushe a miƙe bai karye ba. Amma ya gindaya musu sharaɗi. Duk ganyen da za a manna sai an rubuta sunansa a ƙasa, da inda aka tsinko shi, da abin da mutane ke yi da shi. A nan yaran suka yi cirko-cirko. Su biyar ɗin, in an ɗebe mangwaro da darbejiya da zogale da kuka, da ƙyar suka haɗa sunan itace goma, alhali dukansu 'ya'yan manoma ne.

Yarinyar tana da kaka na wajen uba, tsoho ne da ya haura shekara 80. A ƙuruciyarsa maharbi ne, ya kwana a dazuzzukan da ke tsakanin Rijau da Zuru ba adadi, har yanzu kuma mata kan zo da goyo a ba su jiƙo. Ta same shi a zaure da ganyaye cikin gyalenta, ta zube masa. Ya dube ta ya yi dariya ya ce, "Amarya, yau kuma miyar me za a yi mini da wannan tarkace?"

Ta ce, "Angona, ba miya ba ce, sunayensu nake so. Malam ya ce in ba suna ba maki."

Tsoho ya riƙa ɗauka ɗai ɗai, yana murzawa yana sansanawa, domin idon ya yi rauni. Wannan sabara, wannan marke, wannan kalgo, wannan rai-ɗore, wannan tafasa, kada ki haɗa su don sun yi kama. Wannan maɗaci, ɗacin yana ɓawo. Wannan hano ne, a kan dutse kika samo shi, ko ba haka ba? Ta ce haka ne. Kafin magariba ta rubuta suna 23.

Da ta zo kan tambaya ta uku, watau me ake yi da kowanne, sai tsoho ya tattara ganyayen ya tura mata. Ya ce suna na kowa ne, amma aiki asiri ne. Shi shekara 15 ya yi yana ɗaukar wa mahaifinsa gafaka kafin a nuna masa saiwa ɗaya, an kuma yi masa kashedi cewa magani in ya shiga bakin duniya ya karye. Ba zai zuba abin da ya gada a kwalin sabulu ba, kowane mai wucewa ya karanta ya je ya buɗe kasuwa. Yarinyar ta ce, to wa zai gada? Tsoho ya yi shiru. 'Ya'yansa maza huɗu ne, ɗaya na noma, ɗaya na tuƙa mota, biyu suna birni, babu wanda ya taɓa bin sa daji. Dajin ma yanzu ba ya shiguwa kamar da, saboda ɓarayin da suka addabi yankin, abin da ya rage kusa da gari kuwa masu gawayi suna ta kayarwa.

Ba za a ce tsohon nan ba shi da hujja ba. Ya sha ganin masu shela da lasifika a kasuwa suna sayar da gari ɗaya a kan cuta arba'in, ya kuma san abin da ke biyo baya in jahili ya ji rabin magana. A cikin makon nan ma aka ga misali. Ƙanen yarinyar, ɗan shekara 6, ya ji labarin sarkin da ke ɗanɗana ganye, sai ga shi da 'ya'yan bini-da-zugu a hannu zai gwada. Allah Ya sa kakan na kusa, ya doke hannun. Ya tara yaran ya lissafa musu waɗanda ko kusa ba a kai su baki: bini-da-zugu, zaƙami, tumfafiya, tinya, tururibi, gwaska, da ƙwanƙwani wanda maharba ke dafa dafin kibiya da shi. Wannan kam, in ji shi, a rubuta da jan tawada, ba asiri a ciki.

Malam ya sake takowa, wannan karo wajen tsohon. Bai yi masa gardama ba, labari ya ba shi, wanda kuma ya kamata kowa ya ji, domin a nan ne hikayar Shennong ta daina zama abin hira kawai. Sinawa ba su tsaya a ba da labarin sarkin da ya ɗanɗana ganye ba, sun zauna sun rubuta abin da masu magani suka sani. Kusan shekara 2,000 da suka wuce aka tara wani littafi aka laƙaba masa sunan Shennong, ko da yake ba shi ya rubuta ba, an jera magunguna 365 a ciki, an kasa su uku bisa ga ƙarfinsu da haɗarinsu. Na baya suka riƙa ƙari suna gyara. Wani likita mai suna Li Shizhen ya shafe shekara 27 yana tattarawa, ya gama nasa kundin a 1578, da magunguna 1,892 da zanen kamanninsu. Tun kafin shi, wajen shekara 1,700 da suka wuce, wani malami mai suna Ge Hong ya rubuta ɗan littafin taimakon gaggawa, a ciki ya ambaci wata ciyawa da suke kira qinghao, dangin tazargade ce, ya ce mai zazzaɓin da ke zuwa yana komawa a jiƙa masa ita a ruwa, a matse, ya sha.

Wannan 'yar magana ta kwanta a takarda ƙarni bayan ƙarni. A shekarar 1967, lokacin yaƙin Biyetnam, zazzaɓin cizon sauro ya addabi sojoji, maganin kulorokwin kuma ya fara gazawa, sai gwamnatin Sin ta kafa aikin neman sabon magani. A 1969 aka ɗora wata mace masaniyar haɗa magunguna, Tu Youyou, a kan wani rukuni na masu binciken. Suka bi tsofaffin littattafai da bakin masu magani suka tara haɗi fiye da 2,000. Sun gwada qinghao, wani lokaci ta yi aiki wani lokaci ta ƙi. Da Tu Youyou ta koma ga maganar Ge Hong, sai ta lura cewa jiƙawa ya ce, bai ce a dafa ba, ta gane zafin wuta ne ke lalata sinadarin. Suka sauya hanya suka tatso shi ba tare da zafi mai yawa ba, a 1971 gwaji na 191 ya kashe ƙwayar cutar a jikin ɓeraye. A 1972, kafin a ba kowane majinyaci, ita da abokan aikinta biyu suka fara sha da kansu don a tabbatar ba ya cutarwa. Daga nan aka sami sinadarin atimisinin, aka kuma ba ta lambar yabo ta Nobel a 2015.

Nijeriya ita ke ɗauke da kimanin rubu'in masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro na duniya baki ɗaya, bisa ga ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya. A 2005 ƙasar nan ta ajiye kulorokwin ta koma ga haɗin magungunan da ke da wannan sinadari a ciki. Watau ƙwayar nan da ake ba yaro a ɗakin shan magani na Tungan Magajiya in jikinsa ya yi zafi da damina, asalinta layi biyu ne da wani malami ya ga dama ya rubuta maimakon ya tafi da su kabari. Sai dai a lura, rubutun shi kaɗai bai warkar da kowa ba, sai da aka kai shi ɗakin bincike aka auna, aka san adadin da ke warkarwa. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta yarda mutum ya jiƙa ganyen ya sha a madadin ƙwayar ba.

Tsoho ya saurara har ƙarshe, sa'an nan ya ce, "To, ɗana, su can masu takarda ne. Mu namu a ka yake." Wannan magana ana yawan jin ta, amma ba ta cika daidai ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, duk da nauyin mulki da yaƙi ya rubuta littattafai a kan magani, har da na basur da na ciwon ido. Umaru Nagwamatse da ya kafa Kontagora kuwa ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku ne, ƙanen Bello, saboda haka rubuta ilmin magani gadon gidan sarautar wannan ƙasa ne. Bayan zuwan Turawa kuma an yi wani likita, Dokta Dalziel, wanda ya fara yin aikin asibiti a ƙasar Sin, sa'an nan ya zo Nijeriya ta Arewa a 1905. Ya tsinki ganyaye a wurare da dama, har da ƙasar Kontagora, ya busar da su tsakanin takardu kamar yadda yaran nan suka yi, ya aika da su lambun binciken itatuwa na Kew a Ingila. A 1916 ya buga littafin sunayen itatuwa da Hausa, a 1937 ya fitar da babban littafi kan tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma. Hanon da yarinyar ta tsinko a kan dutse, sunansa a wajen masana na duniya Boswellia dalzielii. Sunan wanda ya rubuta shi ya bi itacen, na waɗanda suka nuna masa kuwa ya tafi tare da su.

Akwai misali na kusa ma. Cibiyar binciken magunguna ta tarayya da ke Abuja ta karɓi wani haɗi daga hannun wani mai maganin gargajiya, wanda ya ƙunshi masoro da kanumfari da ganyen jar dawa da wani itace, ta auna shi ta fitar da maganin Niprisan domin masu ciwon amosanin jini. Da mai haɗin ya riƙe abinsa a ka, da babu abin da za a auna.

Ba a ranar tsoho ya sauko ba. Bayan kwana uku ya aika a kira masa jikarsa, ya ce ta zo da alƙalami. Ya zaɓi itace 12 daga cikin 23, waɗanda a cewarsa ko matan gida sun san wani abu a kansu, ya faɗi ɓangaren da ake ɗiba, ganye ko ɓawo ko saiwa, da lokacin da ake ɗiba, da larurar da ake nema dominta. Yawan da ake sha da abin da ake haɗawa kuwa ya ce ba na bango ba ne. Da yake ba ya karanta boko, ya sa yaron nan mai karatun allo ya rubuta kowane suna da ajami a gefen na boko, aka kusanto masa da kwalin ya bi da yatsa, ya gyara biyu. Ya kuma ce a rubuta sunan mahaifinsa a ƙasa, domin daga gare shi abin ya fito. Sauran 11 ya ce sai in ta sami littafi na kirki mai bango, wanda za ta ajiye a akwati, kuma sai ta riƙa zuwa da kanta duk ranar da ba makaranta.

Ranar rufe makaranta aka kafa fostocin a bangon aji shida. Na ƙungiya ta huɗu bai fi sauran tsabta ba, ƙaro ya yi dabbare-dabbare a gefe, jan zoɓo ya fara komawa shuɗi-shuɗi. A tsakiya ga manomin ƙasar Sin ya sunkuya ƙarƙashin malfa irin ta mutanen Rijau, da 'yar tagar leda a cikinsa. Daga dama ganyaye 12 da bayaninsu, daga hagu sunayen masu guba da jan rubutu, a ƙasa kuma gargaɗi cewa Shennong kansa ɗanɗane ne ya kashe shi, kada yaro ya kai wani ganye baki, wanda ba shi da lafiya a kai shi asibiti. Iyaye suka fi daɗewa a gabansa, ba kuwa manomin suke kallo ba. Gardama ce ta kaure a kan ganyayen. Wata tsohuwa Badukkiya ta ce su ba haka suke kiran wannan ba, ta faɗi nasu sunan. Wani Bafulatani ya ce wancan shanu suke ba wa. Malam ya miƙa wa yarinyar fensir, ta riƙa ƙarawa a gefe har wuri ya ƙare. Wani ɗalibin makarantar kiwon lafiya da ya rako ƙanensa ya roƙi izini ya kwafe duka a littafinsa.

Kwalin sabulu ba ya shekara biyu a bango, gara da ɗanshi za su cinye shi. Saboda haka aikin ya fi ƙarfin malami ɗaya da yara biyar. Babu makarantar firamare a ƙasar Kontagora da ba ta da tsoho ko tsohuwa masu irin wannan sani a unguwar da take, abin da ake bukata kuwa bai wuce tsohuwar jarida da ƙaro da littafi mai bango ba. Ya kamata hukumomin ilmi na ƙananan hukumomi su sa wannan cikin aikin hannu na aji biyar da shida, kowace makaranta ta tara ganyayen yankinta da sunayensu cikin dukan harsunan da ake yi a wurin, tare da sunan wanda ya ba da bayanin, domin haƙƙinsa kada ya salwanta in wata rana abin ya zama dukiya. Makarantun kiwon lafiya irin ta Tungan Magajiya su zama ma'ajiyar waɗannan littattafai, jami'o'i da cibiyoyin bincike su ɗauka daga nan su auna, su faɗa wa jama'a wanda ke da amfani da wanda ke da illa. Sarakuna da hakimai kuma su sa baki, domin tsoho ya fi sakin jiki in ya ji maganar ta fito daga fada. Tsofaffin da suka san dajin nan tun yana daji yawancinsu sun haura 70, ba su da damina da yawa a gaba. Allah Ya ƙara musu lafiya, Ya ba na baya kunnen saurare da hannun rubutawa, amin.